Ƙazuwa Ba Ciwon Mutum Ɗaya Ba Ce

Akwai ciwon da idan ya kama mutum 'yan'uwa da maƙwabta za su yi ta sintiri zuwa dubiya, ana sannu, ana Allah Ya sawwaƙe. Akwai kuma wanda ko sannu ba a yi wa mai shi, sai dai a ja jiki a matsa gefe, shi kuwa ya yi ta cusa hannu cikin aljihu don kada a ga tsakanin yatsunsa. Ƙazuwa tana cikin kashi na biyu. Ba ta cika kwantar da mutum ba, ba a kuma jin sanarwar rasuwa a rediyo an ce ita ce sanadi, saboda haka muka mai da ita abin raha, har yara suna yi wa juna gori da ita. Amma duk wanda ya taɓa kwana zaune yana susa har kiran assalatu, ko ya ga uwa tana jijjiga jaririn da ƙaiƙayi ya hana shi barci, ya san ba abin dariya ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum sama da miliyan 200 ne ke fama da ita, kuma a shekarar 2017 ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi waɗanda aka yi sakaci da su.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake ji a garinmu Tirwun duk sa'ad da hunturu ya kama. Za ka ji magidanci yana cewa maganin asibiti ba ya jin ƙazuwar zamanin nan, ya saya ya shafa wa yaro, ta lafa, ba a yi wata guda ba ta dawo. Daga nan sai a koma neman abin da ya fi ƙarfi, kuma a nan ne ake yin ɓarna. Ni a ganina magungunan suna aiki, kuma mafi yawansu ba su da wani haɗari idan an bi ƙa'ida. Inda gizo ke saƙar shi ne, muna sayen maganin mutum ɗaya alhali ciwon na ɗaki guda ne.

Tirwun tsohon gari ne, a nan aka haifi Malam Yakubu wanda ya kafa birnin Bauchi, ko da yake yanzu birnin ya miƙo ƙafa har ya kusa haɗiye mu. Sa'ad da muke yara, wajen ƙarshen shekarun 1990, da wuya sanyi ya zo ya wuce ƙazuwa ba ta leƙo gidanmu ba, domin mu bakwai ne muke kwana a ɗakin kakarmu, tabarma biyu, bargo biyu. Da zarar tsohuwar ta ga ɗayanmu ya fara susar wuyan hannu, sai ta aika kasuwa a sayo farar wuta, ta daka ta luƙui, ta kwaɓa da man kaɗanya. Bayan sallar isha'i sai ta jera mu kamar masu jiran rabon zakka, ta mulke kowa tun daga wuya har tafin ƙafa, da mai susa da wanda ba ya yi. Haka za a yi dare uku a jere. Warin abin nan kuwa sai wanda ya sha shi, kwana da kwanaki yana bin mutum har makaranta. Mu da ba mu da ko ƙurji ɗaya mukan yi kuka mu ce an zalunce mu, ita kuwa amsarta ɗaya ce: idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Tsohuwar nan ba ta taɓa jin labarin wani ƙwaro ba. A wurinta dattin jini ne ke fitowa ta fata. Amma abin da take yi shi ne daidai abin da likitocin fata suke faɗa a yau, kuma dalilin yana cikin halin ƙwaron da ke kawo cutar.

Tun shekarar 1687 wasu mutanen Italiya biyu, Bonomo da Cestoni, suka zaƙulo ƙwaron daga fatar masu ciwon, suka dube shi da madubin ƙara girman abu, suka bayyana cewa shi ne sanadi. Girmansa bai kai rabin milimita ba. Macen ce ke haƙa ɗan rami a cikin fatar sama, tana tafe tana zuba ƙwai 2 ko 3 kowace rana. Ƙwan yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 3 zuwa 4, kafin mako 2 'ya'yan sun isa su yi nasu. Abin mamaki, mutumin da ya susa jikinsa har ya yi jina-jina, galibi ƙwarin da ke jikinsa ba su wuce 10 zuwa 15 ba. Ba cizonsu ne ke sa ƙaiƙayin ba, jiki ne ke nuna ƙyamarsa ga ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. To, ga wurin da ya kamata mai karatu ya riƙe da kyau: wanda bai taɓa yin ƙazuwa ba, jikinsa yakan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin ya fara ƙaiƙayi. Watau yaro zai yi wata guda cur yana ɗauke da ƙwaron, yana kuma raba wa abokan kwanansa, alhali fatarsa sumul. Saboda haka ranar da aka ga yaro ɗaya yana susa, waɗanda suke ɗaki ɗaya da shi sun riga sun kamu, ƙaiƙayin ne kurum bai iso gare su ba.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu wani masani Bature mai suna Kenneth Mellanby ya yi wani gwaji a birnin Shefil na Ingila, da mutanen da suka ƙi shiga soja amma suka yarda a gwada cutar a jikinsu. Ya riƙa sa su kwana a gadon da mai ƙazuwa ya tashi daga kai yanzu-yanzu. Cikin gwaji 272, mutum 4 kaɗai suka kamu. Ya tabbatar da cewa babbar hanyar yaɗuwarta ita ce haɗuwar fata da fata na tsawon lokaci, kamar yadda ake yi wajen kwana tare, ko goyo, ko shayarwa. Ƙwaron ba ya tashi, ba ya tsalle, kuma idan ya rabu da jikin mutum ba ya wuce kwana 2 zuwa 3 sai ya mutu. Wannan ya nuna ƙona katifa da zubar da tufafi da wasu ke yi asara ce kawai. Wanki da ruwan zafi da shanya a rana sun isa, abin da ba ya wankuwa kuma a ƙulle shi cikin leda na mako guda. Ya kuma nuna abin da ya sa sanyi ne lokacinta a wurinmu, domin a lokacin ne ake cunkushewa cikin ɗaki ana neman ɗumi.

Bari mu dubi magungunan kansu. Man farar wuta irin na kakarmu har gobe yana cikin littattafan likitoci, sai dai na asibiti an auna shi, kashi 5 zuwa 10 cikin 100. Ana shafa shi dare uku a jere. Yana da wari, yana ɓata tufafi, amma shi ne ake iya shafa wa jariri sabon haihuwa da mace mai juna biyu ba tare da fargaba ba. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne dirzar ƙurajen da soso har su yi jini kafin a shafa, al'adar da take da yawa a gidajenmu.

Sai farin ruwan nan mai kama da madara wanda ake kira benzil benzowet, wanda dispensa-dispensa na ƙasar nan suka daɗe suna bayarwa saboda arha. Na manya ƙarfinsa kashi 25 ne cikin 100, ana sirka shi da ruwa rabi da rabi domin yara, jarirai kuwa a ƙara sirkawa. Aibinsa shi ne raɗaɗi. Idan ya taɓa wurin da aka susa ya fashe, yaro zai yi ihu kamar an zuba masa barkono, kuma raɗaɗin nan ne ke sa iyaye mata da yawa su wanke shi tun bai yi aikinsa ba, alhali ana so ya yini ya kwana a jiki. Akwai kuma man fametirin mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, wanda ba ya zafi sosai, ana iya shafa wa yaro tun yana wata 2, a bar shi awa 8 zuwa 14 sa'an nan a yi wanka. Shekaru da yawa shi ne zakara a ƙasashen Turai. Amma a shekarar 2024 wasu likitoci a Salzburg ta ƙasar Ostiriya suka buga sakamakon gwajin da suka yi da mutum sama da 100: fametirin ya warkar da 27 cikin 100, tsohon benzil benzowet kuwa ya warkar da 87. Gwaji ɗaya ne a gari ɗaya, ba a yanke hukunci a kan duniya da shi, amma ya isa ya nuna wa mai raina maganin dispensa cewa tsada ba ita ce ƙarfi ba.

Duk waɗannan na shafawa ƙa'idarsu ɗaya ce, kuma ita ce aka fi karyawa. Ba kan ƙurji ake ɗiga su ba kamar maganin gyambo. Jiki duka ake shafewa daga wuya zuwa ƙasa, da hammata, da cibiya, da matsematsi, da al'aura, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin farce, domin nan ne ƙwaron ke maƙalewa bayan susa. Ga jarirai da tsofaffi har da kai. Wanda ya wanke hannu ko ya yi alwala sai ya sake shafa wa wurin. Na san wannan yana da wuya ga mai salloli biyar, shi ya sa bayan isha'i ya fi dacewa.

Na sha kuwa shi ne aibamektin, wanda mutanen ƙauyukan bakin kogi a Jihar Bauchi suka fi sani da sunan Mectizan. Asalinsa daga wata ƙwayar halitta ce da Satoshi Omura ya samo cikin ƙasa a Japan, William Campbell kuma ya yi aikinsa a kamfanin Merck na Amurka, har aka ba su kyautar Nobel a 2015. Tun 1987 kamfanin ke bayar da shi kyauta domin yaƙi da makantar bakin kogi. Daga baya aka tabbatar yana kashe ƙwaron ƙazuwa, kuma a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi cikin muhimman magungunan wannan cuta. Da nauyin mutum ake auna shi, ƙwaya ɗaya mai miligiram 3 ga kowane kilo 15. Ba a ba yaron da bai kai kilo 15 ba, ba a kuma ba mai juna biyu. A dazuzzukan kudu da ƙasar Kamaru, inda ake samun tsutsar nan mai ratsa ido, yana iya taɓa ƙwaƙwalwar wanda tsutsar ta yi yawa a jininsa, don haka wanda ya yi zama a can ya gaya wa likita. Babban rauninsa shi ne ba ya kashe ƙwai. Dole a sake sha bayan kwana 7 zuwa 14, idan ba haka ba an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Fametirin ma ana so a maimaita shi bayan mako guda.

Akwai wani abu kuma da ke ruɗin mutane. Ko an kashe ƙwarin kaf, ƙaiƙayin yakan ci gaba har mako 2 zuwa 4, domin gawarsu da kashinsu suna nan cikin fata sai ta saɓule. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba zai ɗauka maganin bai yi ba, ya yi ta maimaitawa kullum har maganin kansa ya ƙona fatar, ko kuma ya tafi neman wani abu dabam.

Sanyin da ya wuce na ga yadda abin ke faruwa daki-daki. Akwai wani alaramma kusa da gidanmu mai almajirai kusan 40, suna kwana a zaure biyu. Wani ɗan kolo da bai wuce shekara 8 ba, wanda yake zuwa gidanmu ɗaukar tuwo, ƙazuwa ta cinye masa hannuwa. Wata baiwar Allah ta tausaya masa ta ba shi kuɗi, ya tafi wani kemis, aka haɗa masa man shafawa irin wanda ake cewa yana maganin kowane ciwon fata, da ƙwayoyin hana ƙaiƙayi. Kwana uku yaro ya sami barci, kowa ya ce an dace. Irin wannan mai kuwa yana ɗauke da sinadarin da ke danne kumburi da ƙaiƙayi, amma ko ƙwaro ɗaya ba ya kashewa, hasali ma kwantar da tsaron fatar yake yi, su sami sarari su hayayyafa. Da man ya ƙare abin ya dawo fiye da da. Karo na biyu aka sami maganin gaskiya, aka shafa masa shi kaɗai, ya warke, ya koma ya kwanta tsakiyar yara 20 da ba a yi wa komai ba. Karo na uku wani gardi ya ba da shawarar baƙin mai na mota.

Ranar da yaron ya zo da fuska a kumbure, idanu kamar ba za su buɗe ba, mahaifiyata ta tambaye shi: "Kai ɗan malam, dukanka aka yi?" Ya ce, "A'a Inna, haka na tashi." Ta sa aka kira alaramma, aka kai shi asibiti. A can aka ce ƙoda ce ta taɓu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: susa ta fasa fata, ƙwayoyin cuta masu sa mugunya suka shiga, bayan 'yan makonni yaƙin da jiki ke yi da su ya faɗa kan ƙoda, fitsari ya koma kamar ruwan shayi, jiki ya kumbura. Yaron ya tashi, alhamdu lillahi, kamar yadda mafi yawan yara kan tashi daga wannan. Amma likitoci sun daɗe da sanin cewa wannan hanya ce daga ƙazuwa zuwa ciwon ƙoda, kuma ƙurajen kan iya kai cuta cikin jini. Da yaron ya rasu, babu wanda zai ce ƙazuwa ce mafari.

Baƙin mai da kananzir ba su ne mafi muni cikin abin da ake shafawa ba. Akwai masu ɗiga fiya-fiya cikin man shafawa, akwai masu neman gamalin. Wannan na biyu yana da tarihi. Sinadarin da ke cikinsa, watau lindan, an taɓa yin maganin ƙazuwa da shi a asibitocin duniya, a ƙarfin kashi 1 cikin 100. Aka gano yana ratsa fata ya kai ga ƙwaƙwalwa, yana sa jijjiga da farfaɗiya, musamman ga ƙananan yara da waɗanda fatarsu ta tsattsage. A 2003 hukumar magunguna ta Amurka ta sa a buga gargaɗi mafi tsanani a kwalinsa, a 2009 kuma aka sanya shi cikin yarjejeniyar Sitokholm ta kawar da miyagun sinadarai. To, idan na asibiti mai kashi 1 ya zama haka, ina ga na feshin gona mai ninkin wannan ƙarfi sau da yawa, a kan fatar yaro mai miki? Haka nan masu zuƙo aibamektin na allurar shanu su ba mutum, da hujjar ai sunan ɗaya ne. Sunan ɗaya ne, amma an haɗa shi ne domin dabba mai ɗaruruwan kilo, kuskuren ɗan kaɗan a ma'auni ya isa ya kai yaro ga suma. Garin neman ƙiba ake samo rama. Kuma mu lura, babu wanda ke fara jinya da gamalin. Sai bayan an yi na asibiti sau biyu ko uku ga mutum ɗaya, an ga ta dawo, an yanke ƙauna.

Ban ga laifin alaramma ba, ban kuma ga na magidancin da ke sayen kwalba ɗaya ba. Kwalba ɗaya aljihunsa ya iya, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce masa kwalbar nan asara ce muddin sauran mutanen ɗakin ba su samu ba. Laifin na tsarin da muke bi ne, wanda ke jiran marar lafiya ya zo shi kaɗai, a rubuta masa takarda shi kaɗai. Mai sayar da magani kuwa da wuya ya tambaya, ku nawa ne a ɗakin?

An gwada ɗaya hanyar, kuma an auna ta. A tsibiran Fiji da ke tekun Fasifik an raba al'ummomi uku. A ta farko aka bi yadda aka saba, watau a yi wa mai ciwo da mutanen gidansa magani. A ta biyu aka ba kowa da kowa fametirin. A ta uku aka ba kowa aibamektin, ƙananan yara da masu ciki kuwa aka ba su na shafawa. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna bayan shekara guda cutar ta ragu da kashi 49 cikin 100 a ta farko, 62 a ta biyu, 94 a ta uku, inda masu ita suka sauko daga 32 cikin kowane 100 zuwa 2. Ƙuraje masu mugunya su ma suka ragu ƙwarai. Bisa irin wannan shaida ne masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara a 2019 suka ba da shawarar a yi wa gari duka magani idan masu cutar sun kai 10 cikin 100.

Wannan ba baƙon aiki ba ne a wurinmu. Shekara da shekaru mutanen ƙauye da kansu suke raba Mectizan gida-gida, da sandar awo mai zane-zane a maimakon sikeli, wanda tsawonsa bai kai santimita 90 ba a tsallake shi. Da irin wannan rabo ne Jihar Filato da ta Nasarawa suka kai ga dakatar da maganin makantar bakin kogi a 2018, domin an katse yaɗuwarta. Wanda ake bayarwa kyauta na waccan cuta ne, na ƙazuwa sai gwamnati ko masu hali sun saya, amma sanin yadda ake rabon yana nan a hannun mutanenmu. Abin da ya rage shi ne a juyo da shi zuwa wuraren da ake kwana a cunkushe, watau tsangayu, da makarantun kwana, da gidajen yari, da sansanonin 'yan gudun hijira. A irin waɗannan wurare a riƙa neman mutumin da fatarsa ta yi kauri tana ɓamɓarowa kamar ɓawon itace, galibi tsoho ko wanda wata cuta ta raunana. Shi ƙwarin jikinsa dubbai ne, har miliyoyi, shimfiɗarsa ma tana yaɗa cutar, kuma jinyarsa sai asibiti.

A tsangaya kuwa ranar yin aikin ma a shirye take. Alhamis ba a karatu, ita ce ranar wankin almajirai. Idan ma'aikacin lafiya na unguwa ya zo da safe ya auna kowa, tun daga kolo har gardi har iyalin malam, a sha maganin a gabansa, waɗanda ba su kai awo ba da masu juna biyu a ba su na shafawa su yi da dare, a wanke tufafi, a baza tabarmi da barguna a rana, to Alhamis mai zuwa kwana 7 ke nan cif, lokacin sha na biyu. Na kai wa alaramman unguwarmu wannan magana bayan an sallamo yaron. Ya saurara har na gama, ya ce shi ba ya ƙi, a zo kafin sanyi ya kama, kuma a haɗa da tsangayar da ke bayansa, domin yaransa da nasu wuri ɗaya suke jin ɗumin wuta da dare.